Auta da Baƙuwar Kaza

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo, kunnuwanmu a buɗe suke.

Akwai wata yarinya, ita ce ƙarama a gidansu, kowa Auta yake ce mata. Mamarta tana kiwon kaji a bayan gida. A cikinsu Auta tana da tata guda, sunanta Wake-wake, mai cin tsaba a tafin hannunta.

Wata rana aka kawo wa Mama budurwar kaza kyauta. Mama ta saka ta a keji, can nesa da akurki.

"Baƙuwa ba ta shiga cikin kaji sai an ga lafiyarta," in ji Mama.

Amma kazar ta yi ta kuka ita kaɗai. Tausayi ya kama Auta. Ta duba ta, ga ido garau, ga gashi sumul. Da Mama ta fita unguwa, sai ta buɗe kejin, ta kai ta akurki ta yi wasa da 'yan'uwa. Kafin Mama ta dawo ta mayar da ita.

Ba a jima ba Auta ta ji baƙuwar tana atishawa. Amma ba ta faɗa wa kowa ba.

Kwana kaɗan, kaji suka fara yin jugum. Wake-wake ta saki fikafikai, ko dusa ba ta kallo. Mama ta kira ƙanenta, likitan dabbobi.

Kawu ya duba su ɗaya bayan ɗaya. "Yaya, anya baƙuwar nan ba ta shiga akurki ba?"

Auta ta fashe da kuka. "Ni ce, Kawu. Wallahi lafiyarta ƙalau na gani!"

"To, sarkin tausayi, share hawayen. Zo ki ji." Ya tsuguna kusa da ita. "Jikin kaza kamar unguwa ne mai ƙananan ɗakuna jingim. In ƙwayar cutar bairos ta kutsa ɗaki guda, sai ɗakin ya aika wa maƙwabta saƙon gargaɗi. Sunan saƙon intaferon. Da sun ji, kowa ya rufe ƙofarsa."

"To, me ya sa ba su rufe ba?"

"Ai ƙwayar nan tana da wayo. Tana shiga sai ta toshe wa ɗakin baki, saƙo ya kasa fita. Wani lokaci ma maƙwabtan take toshe wa kunne. Kafin jiki ya farga ta hayayyafa. Shi ya sa kika ga kaza garau, alhali cutar tana ciki."

Auta ta sunkuyar da kai. "Nima na ji ta tana atishawa, ban faɗa ba."

"Ashe ke ma an toshe miki baki," in ji Mama. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kawu, Wake-wake za ta mutu?"

"Ban sani ba, 'yata. Wannan cutar ba ta da maganin sha yanzu magani yanzu. Amma ba mafi muni ba ce. Mu taimaki jikinta ya yi faɗan."

Suka ware marasa lafiya, suka wanke akurki tas. Auta ta riƙa kai musu ruwa mai tsabta, tana tare musu iska da buhu. Duk lokacin da ta fito sai ta wanke hannu da sabulu.

Kaji biyu suka mutu. Auta ta yi kuka sosai.

Wata safiya ta leƙa, sai ta tarar da Wake-wake a tsaye, ta tsoma kai cikin kwanon dusa.

"Mama! Mama! Tana ci!"

"Kai, wannan ihu har maƙwabta!" Mama ta rungume ta tana dariya. "Haka nake son bakinki. Tausayi abu ne mai kyau, Auta, amma ki bi doka ko ba ki ga dalilinta ba. In kuma kin yi kuskure, ki faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa."

Ƙurunƙus kan ɗan tsako, tatsuniya ta koma akurkinta.