Wayar Gwaji ta Bakwai

Ku yi mini afuwa. Karatu kawai na iya, ban taɓa rubuta labari ba, kuma sau uku ina yaga wannan kafin in bar shi haka.

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Torvald Ekdahl wani ƙaramin kamfani a garin Umeå na ƙasar Sweden, masu ƙera manhajar da ke tuna wa tsofaffi shan magani. Wayar gwaji ta bakwai ce ta ɓata, da sabuwar manhajar a cikinta.

Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar kowa, sai ga babban yatsa ya leƙo ta hudar safa. Ya lanƙwashe shi.

Ylva, shugabar wurin, ta ce, "Mabuɗin kabad ɗin da muke ajiye wayoyin gwaji a hannun Dagny yake. Gobe masu sayen manhajar za su zo. In wayar ba ta fito ba, Dagny ta bar aikin nan."

Dagny tana zaune, idonta jajir.

"Mabuɗin bai bar jakata ba," in ji ta.

"Nuna mini," in ji Sufeto.

Ta laluba, ta laluba, sannan ta sunkuyar da kai. "A kofin alƙaluma nake barinsa. Kowa ya sani."

Sufeto ya wuce teburin Sixten, dattijon da suke kira Kaka, wanda ya shekara talatin yana rubuta manhajar kwamfuta kafin a mayar da shi ɓangaren waya.

"Juma'a tun ƙarfe uku na tafi, Torvald. Ban taɓa ta ba."

"Mene ne aikinka a ciki?"

"Ƙararrawar tunatarwa. Saura kaɗan."

Wani daga bayan tebur ya ƙyalƙyale. "Kullum da safe mukan tsaya kowa ya faɗi inda ya kai. Mako biyar ke nan Kaka yana saura kaɗan!"

Sixten ya yi murmushi, kunnuwansa suka yi ja.

A jikin bango akwai allo cike da jajayen layuka. Sufeto ya tambayi Dagny na mene ne.

"Duk sanda manhajar ta tsaya cik a wata waya, ita da kanta take aiko rahoto." Ta matsa kusa, ta ƙura ido. "Kai! Ta bakwai ce. Sau arba'in da ɗaya, Asabar da Lahadi."

"Ɓarawon yana wasa da ita?"

"A'a. Duba, farko a layi na ɗari biyu da sha biyu na rubutun manhajar take tsayawa, sai ɗari biyu da talatin, sai gaba. Gyara ta ake yi."

"Wane ɓangare ne?"

Ta saci kallon teburin Sixten. Sufeto bai sake tambaya ba. Ya koma wurin Sixten, ya ja kujera, ya rage murya.

"Shekara ashirin ina wannan aikin, ban taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya gyaran kayan sata ba."

Sixten ya jawo mazubin abincinsa. Sai ya buɗe shi. Wayar na ciki, naɗe da tsumma.

"Ƙararrawar ba ta kaɗawa. Ban gane sabbin kayan aikin nan ba, kuma ni ne na koya wa rabin ɗakin nan aiki. Na ce in gyara a gida in mayar kafin a sani. Da safe ina jin Ylva tana faɗa wa Dagny magana, bakina ya ƙi buɗuwa."

Dagny tana tsaye a bayansu. Ba wanda ya ji zuwanta.

"Kaka," ta ce a hankali, "da ka tambaye ni. Aikin minti goma ne."

Bai iya ɗaga ido ba.

"Sai mun je ofis ka ba da bayani," in ji Sufeto.

"Don Allah ta matakalar baya," in ji Sixten.

Ƙarfe goma ya yi, lokacin kofi. Ana ta rububin burodin kirfa a kicin, Sufeto da Sixten suka sauka, ba wanda ya waiwayo.