Ludayi Mai Jan Zare

"Sauke mayahin nan mu gani."

Innar Nuraddeen ce ta faɗa, tana zaune a tsakar gidanmu a Gummi, ƙwaryar furar da na dama a gabanta. Kusa da ita Fa'iza ce, 'yar ƙanwarta, wadda ta daɗe da ƙwallafa rai a kansa. Ita ta kai gulmata har garinsu Bukkuyum.

Na sauke.

Ina ƙarama ciwon zaizayar baki ya cinye min kuncin hagu bayan na tashi daga ƙyanda. Sai da na girma aka ɗinke a asibiti a Sakkwato, kuma a can na haɗu da Nuraddeen, ɗalibin likitancin haƙori. Shi ne namiji na farko da ya dubi fuskata bai kau da kai ba.

Inna ta ture ƙwaryar.

"Wagga fura, ita ta dama ta?"

"Ai na gaya miki ciwon iska na, Inna," Fa'iza ta yi caraf. "Ko gidansu ludayinta daban. Ga shi can da jan zare!"

Ba ta yi ƙarya ba. Tun ina yarinya ko mahaifiyata ba ta sha da shi.

Nuraddeen da ke zaure ya kasa haƙuri, ya yi sallama ya shigo. Ya ɗauki ludayina, ya kamfaci fura ya shanye a gabansu.

"Nuraddeen!"

"Inna, wallahi ba a ɗauka, ba a gado. Ƙwayoyin cuta na, ido bai ganinsu. Sai yunwa da ƙyanda sun karya jikin yaro su ka samun hanya. Mun duba su da madubin ƙara girma, ba bakin da babu su."

Ina ma a nan ya tsaya!

"Bakina akwai su, na Fa'iza akwai. Ko bakinki, Inna, cike yake da su."

Shi a ransa darasi ya bayar, irin na aji. Ita kuwa ɗan cikinta ne ya ce bakinta ƙazami a gidan mutane.

Ta miƙe tana yafa gyale, idonta jawur.

"Yau ni ka zaga don ɗiyar wasu? In ka aure ta, ban yahe maka nonon da ka sha ba."

Suka fita, Fa'iza na ɓoye murmushi.

Ya durƙusa a gabana.

"Mardiyyata... rabin raina, ki ba ni lokaci, za ta huce."

"Ba ta hucewa, masoyina. Duk ran da ta dube ni, maganar nan za ta tuna."

"Amma gaskiya na hwaɗi!"

"Na sani. Tashi ka bi ta, kada ta shiga mota da hushinka."

Ina son shi kamar raina, shi ya sa ban bari ya ga kukana ba sai da ya fita.

Bayan kaka aka ɗaura masa aure da Fa'iza.

A ranar, mahaifiyata ta zauna kusa da ni, ta ɗauki ludayin tana jujjuyawa.

"Yaron nan ya ce ba a ɗauka ko?"

Na gyaɗa kai. Ta kai shi har dab da bakinta... sai ta miƙo min, ta tashi ɗauko nata.