Baƙuwar Lamba

Atika na tsugune a tsakar gida tana kwaɓa lalle wayarta ta sake ruri, karo na bakwai ke nan tun hantsi. Ta goge yatsunta a gefen zani ta duba. Babu suna, lamba ce tsirara. Tana ɗauka wata murya mai zaƙi ta ce, "Felisitasiyo Madam, muna taya ki murna, lambarki ta ci mota sabuwa, sai dai ki karanto muna kod, lambar sirrin da..." Ba ta bari ya kai aya ba ta katse, ta ja tsaki mai tsawo.

Watansu biyar da aure ita da Tanimu, suna haya a wani ɗan gida a unguwar Zariya cikin Maraɗi. Shi yana tsaron shagon atamfa a babbar kasuwa, ita tana yi wa amare lalle. Aure ne na so, irin wanda maƙwabta ke leƙe ta katanga suna murmushi. Matsalarsu ɗaya tak, wayar nan.

Kuma Atika ta san inda matsalar ta samo asali. Wata uku da suka wuce ta tarar da wasu samari masu jajayen huluna a bakin kasuwa suna kiɗa, suna cewa duk wadda ta rubuta sunanta da lambarta ta jefa a kwali za ta iya cin firiji a tambola, wato ƙuri'ar kyauta. Ta waiga dama da hagu, ta rubuta, ta jefa. Firiji dai har yau bai iso ba, amma lambar ta zaga duniya. Yau a ce ta ci mota, gobe wani malami ya ce ya gan ta a mafarki, jibi wata ta ce ƴar uwarta ce daga Makka. Da Tanimu ya tambaye ta yadda aka yi suka samu lambar, sai ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai. Kunya ce ta hana ta faɗin gaskiya, ƙaryar kuwa ta ci gaba da damun ta.

Wanda ya fi ƙona mata rai wani mutum ne da kan kira da rana tsaka. In ta ɗauka sai ya yi shiru, ya yi gyaran murya, sannan ya tambaya ƙasa-ƙasa ko mai gidan ya fita, ya fashe da dariya. Ta toshe lambarsa ya fi sau goma, kullum da sabuwa yake dawowa. Tanimu ya ce ta canza layi ta huta, ta ƙi, don duk amaren da take yi wa lalle wannan lambar suka sani, su ma da baƙin lambobi suke kira. Don haka sai ta koyi zagi. Atika da ko kaza ba ta iya yi wa tsawa, ta zama mai bakin da in ta buɗe shi a waya sai maƙwabciyarta ta rufe taga.

Akwai abu biyu da ba ta sani ba a wannan rana. Na farko, wayar Tanimu ta faɗi ta fashe tana wurin mai gyara, kuma da ya je gaida iyayensa a Jiratawa ranar Juma'a ya rubuta wa mahaifinsa lambar Atika a ƴar takarda, ya dawo ya manta bai gaya mata ba. Na biyu, a daidai wannan lokacin mahaifin nasa, Malam Maiwada, yana tsaye a tasha cikin Maraɗi da buhun zogale da albasar lambunsa da zabi biyu, ya kawo wa amarya, bai kuma san sabon gidan ba.

Malam Maiwada mutumin da ne. Tanimu ɗan farinsa ne, kuma shekara ashirin da tara bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "yaron nan". Ita ma Atika ba ta san muryarsa sosai ba, don in ta je gaisuwa daga bayan danga take durƙusawa kanta a lulluɓe, shi kuma ya amsa can ƙasan maƙoshi yana kallon wani wuri. Ba shi da waya, sai ya miƙa takardar ga Ilyasu, wani mai kabu-kabu, babur na haya, ɗan garinsu. Ilyasu ya buga, ya buɗe muryar wayar sosai saboda kunnen tsohon ya yi nauyi. Mutanen Jiratawa huɗu ko biyar na zaune kan benci suna jiran mota.

Atika ta ɗauka da hannu mai lalle. "Alo, wa ke magana?"

Shiru. Malam Maiwada bai taɓa yin magana da surukarsa kai tsaye ba, sai ya rasa ta inda zai fara. Ya yi gyaran murya.

"Yaron nan... mai gidan... yana nan kuwa?"

Jinin Atika ya hau. Shirun nan, gyaran muryar nan, tambayar nan, duk ta san su.

"Kai ne kuma? Yau har da muryar tsohwahhi ka aro? To in ma tsoho ne kai, tsohon banza ne, marar kunya! Da hurhurarka kana bin matan mutane a waya. Allah ya isa tsakanina da kai!"

Ta katse. Ilyasu ya sake bugawa. Tsohon ya ce, "Ɗiyata, ni ne... ni ne uban..." Nan harshensa ya tsaya, don abin da ya rage sunan ɗan fari ne.

"Ba ni da uba irinka," in ji Atika. Ta kashe, ta toshe lambar, ta koma kan lallenta tana jin ta yi maganin ɗan iska.

A tasha babu wanda ya iya ɗaga kai. Ilyasu ya ce zai ɗauke shi zuwa kasuwa su nemi shagon, tsohon ya girgiza kai. Ya roƙi duk waɗanda ke wurin kada maganar ta wuce nan, ya ɗora buhunsa da zabinsa a motar farko ya koma gida. Amma kafin magariba har masu ɗiban ruwa a Jiratawa sun ji.

Kwana biyu bayan haka, da safe Tanimu na shan koko, sai ga Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinsa, ta shigo ko sallamar kirki babu. Atika ta shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama. Ta miƙa wa Tanimu wata takarda mai lambar Ilyasu ta ce ya duba wannan lambar a wayar matarsa. Ya duba, ya same ta cikin waɗanda aka toshe. Sai Gwaggo ta maimaita musu zagin kalma bayan kalma, ba ta rage ko ɗaya ba, ta faɗi wanda aka yi wa shi da waɗanda suka ji.

Atika ta zame ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ta gode mata.

"Yayana ya kwana biyu bai hita masallaci ba," in ji Gwaggo Tabawa. "Mutumin da ko sunan ɗansa bai iya hwaɗi don kunya, shi aka kira marar kunya gaban jama'a. Tanimu, ko ita ko mu. Ka zaɓa yau."

Tanimu ya tsaya da waya a hannu kamar an dasa shi. Ya san shi ya ba da lambar bai faɗa ba, amma gaban gwaggonsa ya kasa buɗe baki, abin da ya daɗe yana cin sa daga baya. Da Gwaggo ta fita zaure, Atika cikin kuka ta gaya masa komai, har da kwalin tambola da ƙaryar da ta yi masa. Bai furta saki ba. Ya ce kawai ta tafi Tsibiri wurin mahaifiyarta har ya neme ta, ya kuwa faɗe shi idonsa na kallon bango.

A Tsibiri mahaifiyarta Inna Lami ba ta rarrashe ta ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba za ta taka ƙafa ta je ba da haƙuri ba, bakin da ya yi ɓarnar shi zai je. Ta ƙara da cewa ko da ɗan iskan ne a layin, ba ta haifi ɗiyar da za ta riƙa zagin muryar da ba ta ga fuskarta ba.

Kwana tara Atika ta yi ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Abinci sai an matsa mata. Wayar kuwa ba ta fasa ruri ba, kuma yanzu kowace baƙuwar lamba sai ta yi tunanin ko Tanimu ne ya ari wayar wani. Sai ta ɗauka da sallama, a hankali. In mai kyautar mota ne ta ce ba ta buƙata, ta kashe, ta toshe. Har mutumin nan mai dariya ya kira. Ta yi sallama, ta ji shi ne, ta kashe ba ta ce uffan ba. Ya sake gwadawa sau biyu, da ya ga babu zagin da yake jin daɗinsa, bai ƙara ba. Wannan ya ƙara mata kunya, don ta gane duk watannin nan ita ke ba shi abin da yake nema.

Ran na goma ta nemi izinin Inna, ta hau mota zuwa Maraɗi, daga nan ta kama ta Jiratawa. Ba ta shiga gidan surukanta ba. Ta bi bakin kanal ɗin ban ruwa har lambun, mata masu tsinkar zogale suna ɗagowa suna zunɗen ta, tana jin idanunsu a bayanta. Ta hango Malam Maiwada da fartanya yana buɗe wa albasa ruwa. Ta cire takalmi, ta durƙusa cikin laka nesa da shi.

"Baba, ni ce. Ni ce na zage ka. Ban zo in ce ban sani ba, don bakina ne ya hwaɗa. Ka yahe mini, ko da ba zan koma ɗakina ba."

Tsohon bai juyo ba. Ya toshe ruwan da ƙasa, ya jingina fartanyar, ya tsaya yana kallon kunyoyin albasa.

"Tashi daga cikin laka, ɗiyata," ya ce. "Kwana goma sha biyu ina juya abin ga. Kalma guda ce ta rage in hwaɗi ki gane ni, harshena ya ƙiya. Yaron nan ma ya zo jiya, ya ce shi ya ba ni lambar bai gaya maki ba, ya kuma ba ni labarin masu damun ki. Mu ukku muka yi laihin, ke kaɗai aka kora."

Atika ta kifa kai tana kuka, shi kuma ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da tsinkar zogale har ya cika mata ƙwarya. Da yamma ya aika aka kira Gwaggo Tabawa. Ya ce mata shi aka zaga, kuma ya yafe, duk wanda ya sake ɗaga maganar da shi yake faɗa. Gwaggo ta yi ƙunƙuni ta haƙura, Atika kuma ta koma Tsibiri da ƙwaryar zogalenta. Washegari Tanimu ya je Tsibiri da kansa, ya durƙusa gaban Inna Lami, ya nemi gafarar matarsa a gabanta, ya ɗauko ta.

Ba su canza layin ba. Masu kyautar mota sun ragu amma ba su ƙare ba. Abin da suka yi shawara shi ne, in baƙuwar lamba ta kira alhali Tanimu na gida, Atika ta buɗe muryar su ji tare.

Wata Asabar da azahar suna cin shinkafa da wake a kwano ɗaya wayar ta yi ruri. Babu suna. Atika ta buɗe murya ta yi sallama. Shiru. Aka yi gyaran murya. Ta dubi Tanimu, ta jira.

"Ɗiyata," in ji muryar, tana fita da ƙyar kamar ana ɗaga dutse. "Na sayi waya. Ni ne... uban Tanimu."

Lomar da ke hannun Tanimu ta tsaya a hanya. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa daga wannan bakin ba. Ya ajiye lomar, ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Atika ta zame ta durƙusa a kan tabarma kamar tsohon na gabanta, ta gaishe shi, ya amsa a gurguje ya kashe, shi ma kunya ta kama shi.

Masu damun mutane a waya ba za su ƙare ba, kuma maganinsu kashewa da toshewa ne. Zagi kuwa in ya saba da baki ba ya tambayar wa ke ɗaya gefen, wata rana sai ya faɗa kan wanda kake durƙusa wa. Atika ta koyi wannan da hawayenta.

Ta ɗauki wayar ta adana lambar, ta rubuta "Baba". Tanimu ya share ido ya matso kusa da ita.

"Atika, kin ji abin da ya ce?"

"Na ji."

"To sake hwaɗa mini."