Giwayen Surukata

"Wa ya taɓa hoton Babana?"

Janaka, mijina, bai ɗago daga wayarsa ba. Mahaifiyarsa ce ta amsa daga kan kujera.

"Ni ce, Dulani. Tsohon firam ɗin ya yi muni. Wannan da takardar kashin giwa aka yi shi, kowane ɗaya aka saya, marayan giwa ya samu madara."

Na tsaya ina kallon bango. Ga Babana yana murmushi, giwaye huɗu sun zagaye fuskarsa...

Kwananta uku da zuwa gidanmu a Sharja ta ƙasar Larabawa, daga birnin Kolombo na ƙasarmu Siri Lanka, inda take shugabantar ƙungiyar ceton 'ya'yan giwa. Akwati biyar ta kawo. Labule giwa, matasan kujera giwa, har kofin shayi giwa! Wai gidan ɗanta ya riƙa tuna masa da Siri Lanka.

Ni kuwa giwa ce ta tattake Babana a gonar shinkafarmu, shekara shida da suka wuce. Janaka ya sani. Ranar da na ba shi labarin, kuka ya yi tare da ni, ya riƙe hannuna ya ce, "Daga yau ni ne babanki, ni ne mijinki."

Da Janaka ya tashi, na bi shi ɗaki.

"Masoyina, don Allah ka ce ta cire ko da na hoton ne..."

"Haba zuciyata, wata ɗaya kawai za ta yi."

"Ko barci ba na iyawa!"

"Katako ne da takarda fa. Za su cije ki ne?"

Dariya ma ya yi.

Ranar Juma'a da rana surukata ta tara matan 'yan ƙasarmu a falona don su sayi kayan giwayen. Ina raba musu wainar kifi ta kamo hannuna.

"Ga surukata. Giwa ce ta kashe mahaifinta, amma ku dubi gidanta! Ta fahimci mutanen ƙauye ne ke cinye wa dabbobin nan daji. Tsoho ne mai taurin kai, an hana shi noma a hanyarsu ya ƙi ji. Faɗa musu, 'yata."

Suka hau tafi. Na juya wajen Janaka. Shi kaɗai na taɓa faɗa wa an gargaɗi Baba. Ya sunkuyar da kai.

"Da kalar zaninsa na gane shi," na ce, muryata na rawa. "Babu fuska. Shinkafar da ya mutu a kanta ita ta biya mini makaranta. Ku ceci giwayenku, ban hana ba... amma ba da gawar Babana ba!"



Janaka ya ja ni kicin, ya rufe ƙofa.

"Kin tozarta mahaifiyata a gaban mutane!"

"Ni fa? Ni ba a tozarta ni ba?"

"Ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri."

"Janaka... kai ne ka ce kai ne babana."

"Da ni ne shi, da na ji magana na bar wa giwayen gonar."

Ban san sanda farantin ya suɓuce daga hannuna ba.

Ban durƙusa ba. Bayan kwana huɗu ya turo mini tikitin jirgi ta waya, muna gida ɗaya. Ko filin jirgi bai raka ni ba.

Na isa ƙauyenmu na tarar da Mamata tana sheƙar shinkafa a tsakar gida. Ta kalli akwatina, ta kalle ni. Na faɗa jikinta ina kuka, na kwashe komai na faɗa mata.

"Ya dake ki?"

"A'a."

"Ya hana ki abinci?"

"A'a, Mama..."

Ta zare jikinta a hankali, ta ɗauki faifanta.

"Babanki ya riga ya mutu, Dulani. Aurenki ne yake da rai. Shi ma kin kawo mini gawarsa."