Khardal Mai Kwana Uku

Da kwalba wayam a hannu Haladu ya fara tsayawa gaban Zaituna, a rumfar kayan yajin mahaifinta da ke unguwar Ammariyya a Jidda. Kuku ne a gidan wani Ba'amurke, kuma Baturen nan shi ne kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma. In aikin ya tafi, iƙama, takardar izinin zamansa a ƙasar, ta bi shi.

"Kuna da irin wannan? Uwargida, matar Bature, ta ce khardal ne, wani yajin dangwale irin na mutanen Kiriyol, daga garinsu. Na zaga Jidda har takalmina ya tsinke."

Zaituna ta lakato ɗan na gindin kwalbar, ta ɗanɗana.

"Wallah ba za ka samu ba, amma da babu gara ba daɗi. Ƙwayar khardal, ruwan khal, tafarnuwa da ɗan barkono, a jiƙa a daka sama-sama. Sharaɗi ɗaya: sai ya kwana uku. Ranar farko ɗaci ne da shi kamar maɗaci."

Ta haɗa masa, ya ɗura a tsohuwar kwalbar, Uwargida ta ci ta yaba, ita a tunaninta jirgi ne ya kawo. Tun daga nan khardal ya shiga ƙarewa a gidan Bature da saurin da ba a taɓa gani ba. Haladu ya kamu da son Zaituna, ita ma haka. A takardar ƙunshin yaji suke saƙo.

"Zaitunata, jiya na zuba wa Bature gishiri a shayi saboda tunaninki."

"Ya kukuna, riƙe aikinka da kyau. Shi kaɗai ne hujjarmu gaban Abuya."

Gaskiyarta kuwa. Mahaifinta, Baba Abdulghaffar, ya riga ya fi karkata ga wani manemin nata, Abdulghani, haifaffen Jidda mai takardar ɗan ƙasa. Da Haladu ya je gaisuwa, tsohon bai ɓoye masa ba.

"Yaro, ba ƙin ka nake ba. 'Ya ɗaya gare ni, kai kuma zamanka a garin nan a harshen Baturiya yake rataye. Ka shekara a aikin, sai mu yi magana."

Saura wata biyu shekara ta cika, baƙi suka faɗo gidan Bature ba zato, khardal ɗin kuwa jiya-jiya aka daka shi. In ya ce bai kwana ba, asirin kwalba ya tonu. Sai ya rufe ido ya kai tebur.

Baƙi suka yamutse fuska. Aka tsare shi da tambaya, ya faɗi gaskiya, kafin la'asar an sallame shi. Aka ce ya bi jirgin ruwan Alhamis zuwa Bur Sudan, hanyar komawa ƙasarsu.

"Halas, shi ke nan, Zaitunata. Ke kika gaya mini, ni na ƙi ji. Ki auri Abdulghani, ki yafe ni."

Zaituna ba ta yi musu da kowa ba. Ta ci gaba da daka a bayan rumfa, tana share ido da gefen mayafi wai barkono ne, alhali kanumfari ne a turmin. Abin ya ishi tsohon.

"Ya binti, me kike so?"

"Abuya, in ka ce in zauna, zan zauna."

Da ta yi kuka ta yi birgima, da ya iya hanawa. Wannan biyayyar ce ta karya masa zuciya.

Ranar Laraba aka ɗaura aurenta da Haladu. Aka yi guɗa, amma duk mai guɗar ta san amarya ba gidan miji kaɗai za ta ba, ƙasar haihuwarta za ta bari, kuma da wuya ta sake ganin mahaifinta.

A bakin tashar jirgin ruwa tsohon ya miƙa wa Haladu kwalba. Da hannunsa ya daka da safen nan.

"Kada ku buɗe sai ya kwana uku, ka ji ko, kuku? Ɗacin zai tafi."

Zaituna ta riƙe hannun rigarsa. "Kai fa, Abuya? Wa zai daka maka?"

Tsohon ya zare hannun nata a hankali, ya ɗora shi cikin na mijinta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ɗayyiba. Yalla, ku shiga, kada jirgi ya bar ku."