Wadda Ta Sha Gahawa Ba Sukari

"Makullina yana wuyana tun safe, Ustaz Lutfi. Naka fa?"

"Ga shi a aljihu, Madam. Ko sai na haɗiye shi za ki yarda?"

"Da ka haɗiye shi, da yanzu kwat ɗin tana nan."

Ana cikin wannan Sufeto Mamduh Gabr ya turo ƙofar ofishin manajan Filin Wasan Fanus. Ƙarfe ɗaya da rabi na rana, zafin Iskandariyya ya jiƙa masa bayan riga.

Ni ban je ba bana, gwiwa ta hana. Amma uwar Sufeton maƙwabciyata ce, igiyar shanyarmu ɗaya, matar mai gahawar filin kuma ba ta iya riƙe magana. Na san abin da ya faru fiye da waɗanda suka je.

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da mawaƙi Wagdi Damanhuri ya yi waƙarsa ta ƙarshe a gindin babban lilon filin mai zagayawa da mutane sama, ya koma gida, bai ƙara fitowa ba. Tun daga nan Ƙungiyar Masoya Wagdi take taruwa a wurin duk shekara a irin ranar. Yawancinsu kai ya yi fari, sai masu rini. Dokokinsu na ranar uku ne: ba a sa baƙi, ba a cewa "marigayi", ba a shan gahawa ba sukari, don wannan ta zaman makoki ce. A wurinsu Wagdi tafiya ya yi.

Abin da suke zuwa gani kuwa farar kwat ɗin da ya sa a waƙar ƙarshe, cikin akwatin gilashi. Ita ce ta ɓace.

Madam Safinaz, shugabar ƙungiya, ta shaida wa Sufeto cewa a Roma aka ɗinka kwat ɗin, kuma ba za ta bar filin ba sai ta ga ɓarawo a bayan mota. Manaja ya rufe ƙofar fita tun sha biyu. Mutum kusan ɗari biyu suna ciki.

"Makulli nawa ne?" Sufeto ya tambaya.

"Biyu, Basha. Nawa da na wannan," in ji Madam, tana nuna Ustaz Lutfi.

Ya je rumfar da aka ajiye akwatin. Gilashi lafiya lau, kwaɗo a kulle. A ciki ga maratayin katako, a ƙarƙashinsa ga farar takardar da ake cusawa a kafaɗun kwat, an ninke ta gida huɗu an ajiye a tsanake.

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya gaya wa sajensa cewa wanda ya ɗauki kayan nan bai yi sauri ba, kuma ya san yadda ake riƙe tufafi.

Ya koma kan Ustaz Lutfi, sakataren ƙungiya, tsohon malamin lissafi mai gashin baki baƙi ƙirin da bai dace da shekarunsa ba. Da sha ɗaya da rabi kowa ya tafi gindin lilo rera waƙa, shi aka bari gadin akwati. Ya rantse bai motsa ba.

"Juye aljihunka."

Makulli ya faɗo, da hankici, da guntayen tikiti biyu na babban lilo.

"Gadi kake yi daga sama?"

Sufeto ya ɗauki guntayen ya ƙirga.

"Tikiti biyu. Kai da wa?"

Ya ce da Madam Inayat ne, wata 'yar ƙungiya, kuma don Allah kada a rubuta. Mijinta bai shekara biyu da rasuwa ba. Ni dai tun bara na ce rinin gashin bakin nan ba don Wagdi ake yinsa ba.

Sufeto ya ce shi lilo bai dame shi ba, makulli yake nema. Sai Ustaz Lutfi ya rage murya, ya ce akwai na uku. Yana hannun Amm Zakhari, tela a unguwar Attarin, wanda shi ya kafa ƙungiyar, shi ya kawo kwat ɗin da hannunsa. Shekara uku da suka wuce aka kore shi.

"Me ya yi?"

"Ya miƙe a taro ya ce ba a Roma aka ɗinka ta ba, a shagonsa ne. Wai jikinsu ɗaya da Wagdi, a kansa yake gwada kayan. Madam ta ce ya ci mutuncin Ustaz Wagdi."

"Yau ya zo?"

"Ba ya zuwa, Basha. Ko ƙofar ba ya bi."

Sufeto ya fita neman abin jiƙa maƙoshi. Amm Shahata mai gahawa yana nan a inda yake tun kafin a gina rabin filin, kusa da dawakan katako masu juyawa. Ya tambayi Sufeto yadda yake sha.

"Ba sukari."

Tsohon ya yi dariya, ya ce yau mutum biyu ke nan. Shekara ashirin da ɗaya bai taɓa dafa gahawa ba sukari a ranar Wagdi ba, sai yau.

Sufeto ya ajiye kofin.

"Wa ya riga ni?"

Amm Shahata ya so ya janye maganar, amma ta riga ta fita. Ya ce Ummu Bishoi ce, Damyana, matar Zakhari tela. Wajen sha ɗaya ta zo. Har sau biyu ya tambaye ta, don ya san ta, sukari cokali uku take sha har ta lashe gindin kofi. Ta ce ba sukari. Ta sha a tsaye, ta tafi. Koren mayafi ta yafa, babba, a wannan zafin.

Ba a sha wahalar nemanta ba. Tana zaune a benci kusa da ƙofar fita da aka rufe, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta rungume kanta cikin koren mayafin, idonta a kan agogon da ke saman ƙofar. Ƙarfe biyu da kwata.

Sufeto ya zauna a ɗaya gefen bencin.

"Sannu, Tant. Ya Amm Zakhari?"

"Lafiya lau, ɗana. Mura ce ta kwantar da shi."

"Ke kaɗai kika zo?"

"Waƙar nake so. Ni ai ba a kore ni ba."

"Amm Shahata ya ce yau kin bar sukari."

"Likita ne ya hana."

"Tun yaushe?"

Ta mayar da idonta kan agogo. Iska ta taso daga teku ta ɗaga bakin mayafin. Baƙar riga ce a ƙasa, har idon sawu. A saman rigar kuma farin hannun kwat ya leƙo, ya rufe mata yatsu saboda tsawo.

Ta ga ya gani. Ba ta ja mayafin ba.

"Da asuba ya tafi," ta ce. "Ƙarfe huɗu za a yi masa addu'a a coci."

Sufeto ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Sauran ta faɗa a hankali, tana kallon agogo. Su a wurinsu ana sa wa namiji kayansa mafi kyau kafin a rufe akwati. Zakhari ya yi shekara hamsin yana yi wa mutane kwat, shi nasa ɗaya ce, ruwan ƙasa, gwiwar hannu ta cinye. Wagdi da kansa ya mayar masa da farar a ranar waƙar ƙarshe, ya ce ta matse shi, ya riƙe. Da Wagdi ya rasu sai Zakhari ya kai ta ƙungiya don kowa ya gani. Tun da aka kore shi bai ƙara ambatonta ba, sai shekaranjiya. Ya ce, Damyana, ita ce ɗinkin da na fi yi da kyau, in na tafi a sa mini ita. Makullin yana cikin gwangwanin maɓallansa.

"Me ya sa ba ki roƙe su ba?"

"In ce musu me? Yau ba a mutuwa a nan."

Ta ce ta yi duk abin da ya kamata. Ta aro koren mayafi, ta yi wa masu tikiti murmushi, har ta rera baiti ɗaya. Gahawar ce kawai. Ta buɗe baki za ta ce cokali uku, harshenta ya ƙi. Mijinta yana kwance a gida ba a rufe shi ba, ta yaya za ta sha zaƙi.

Sufeto ya kai ta ofishin manaja. Ta cire kwat ɗin da kanta, ta shimfiɗa a tebur, ta gyara wuyan. Madam Safinaz ta dubi baƙar rigar ta kau da kai.

Sufeto ya tambayi Damyana ko akwai abin da zai nuna ɗinkin mijinta ne. Ta ce a duba cikin shafi, ƙarƙashin aljihun hagu. Madam ta ce ba wanda zai taɓa kayan Ustaz Wagdi da reza. Sufeto ya ce yanzu kayan shaida ne. Ya farke zare huɗu.

A ciki akwai ɗan ƙyalle, an yi rubutu da jan zare: Zakhari, Attarin. A ƙasa, ƙaramin gicciye irin wanda ke zane a wuyan hannun Damyana.

Ustaz Lutfi ya nemi kujera ya zauna.

Sufeto ya juya ga Madam. Ya ce mai ƙara ita ce. In ta janye, ba shi da aiki a nan, tsohuwa ta ɗauki kwat ta je ta rufe mijinta. Saura awa ɗaya da 'yan mintoci.

Madam Safinaz ta buɗe jaka ta fito da takarda a cikin leda. Zakhari ya sa hannu shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, ya ba ƙungiya kwat ɗin kyauta har abada. Ta ce ko a Roma ko a Attarin, jikin Wagdi ta taɓa, ba za a binne ta da tela ba. Sata kuma sata ce.

Na san Safinaz tun tana da haƙoranta na gaske. Ba ta taɓa yin aure ba. Hoton Wagdi ne a kan gadonta. In aka binne kwat ɗin, ba ta da sauran wurin zuwa a shekara. Ban ce ta yi daidai ba.

Sufeto ya sake tambayarta, sau biyu. Amsa ɗaya.

Ya rubuta bayanin Damyana, ta dangwala yatsa. Saje ya ninke kwat ɗin zai sa a jakar shaida, ta ce masa ba haka ba, kafaɗa zai karya. Ta karɓa ta ninke da kanta, ta shafa ta sau ɗaya, ta miƙa masa.

Sufeto bai sa mata ankwa ba. Ya ba ta hannu ta dafa. A bakin ƙofa ya gaya wa direba cewa yau hanyar caji ofis ta coci ta bi, kuma motar za ta jira har a gama. Uwarsa ta ce ya tsaya a bayan cocin hula a hannu. An rufe Zakhari cikin kwat ɗinsa ruwan ƙasa. Damyana ta juya hannayen ciki don kada a ga inda ya cinye. Daga maƙabarta ta shiga motar da ƙafarta.

A ofishin manaja kuwa, bayan fitarsu Madam Safinaz da Ustaz Lutfi suna nan zaune. Daga waje ana jin waƙar Wagdi a lasifika, da ƙarar lilo. Can sai ga Amm Shahata da tire, ba wanda ya aike shi. Ya ajiye wa kowa kofi.

Madam Safinaz ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Sukari ya ƙare ne, Amm Shahata?"

"Akwai, Madam. Rasuwa aka yi mana."

Ustaz Lutfi ya ɗauki nasa ya shanye har ƙasa. Ya ciro makulli ya ajiye a tebur, ya cire bajon ƙungiya daga ƙirjinsa ya ɗora a kai.

"Ina za ka? Ba a rufe taro ba."

"Coci. Zan je in raka telan marigayi Wagdi."

"Me ka ce?"

"Marigayi, Madam. Allah ya jiƙansa."

Ya fita, ya bugo ƙofar har kofunan suka yi ƙara a kan tire.