Reshen Mararrabar Mazanya

"Kowa ya kwanta! Wanda ya motsa ya sha dalma!"

Muryar Ɗantala ce, shugaban 'yan fashi, daga gaɓar kwazazzabo. Raƙuma suka rikice. Fatake suka zube cikin yashi. Kalilu ma ya kwanta, yana ɓoye murmushi. Shi ne jagaban ayarin, shi ya jawo su nan.

Daga Maraɗi suka taso, za su Kano su hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, bakin teku. Da suka ƙetare iyaka a Jibiya, Kalilu ya yi gaba da masu kaya, mata na biye a kan jakuna. Al'adar matafiya ce, in hanya ta rabu biyu, na gaba ya gitta ɗanyen reshe a kan wadda ba a bi, na baya kuwa ba ya musu da reshe. A mararrabar Mazanya Kalilu ya shigar da maza hanyar kwazazzabo, ya toshe ta da reshe a bayansu, don mata su miƙe Daddara lafiya. Cikinsu akwai yayarsa Barira. Sharaɗinsa ke nan, Ɗantala kuma ya rantse. Gogan naka ya yarda da rantsuwar ɓarawo.

Sai ga jakuna a bakin kwazazzabo — mata!

Kalilu ya zabura. "Ɗantala, wa ya taɓa reshen?"

"Ni na maishe shi ɗaya hanyar. Azurfa ga wuyan mata take, wawa."

"Ka rantse mani."

"Jiya ke nan."

Barira ta hango ƙanenta tsaye tsakanin bindigogi. Ta diro, ta sheƙo tana kiran sunansa. Wani ɗan fashi ya firgita, ya saki bindigarsa adaka — daram! Ta faɗi.

Ƙarar ta kai kunnen 'yan doka da ke sintiri. Ga dawaki nan a guje! Ɗantala ya haye dokin da aka ɓoye wa Kalilu, ya arce hayin iyaka, ƙasar Faransa, inda ba a bin sa.

Kalilu bai gudu ba. Baƙin ciki ya daskarar da shi, kan Barira a cinyarsa.

"Wanga da su yake," in ji wani falke. "Da suna ya kira babbansu."

Sajen 'yan doka ya duƙa. "Baiwar Allah, kin san shi?"

"Ƙanena ne," ta ce da ƙyar. "Ni na ce su ɗauke shi jagaba. Na ce masu ɗan amana ne."

"Yaya..." in ji Kalilu.

Ta kau da kai. Kafin a isa Jibiya ta cika. Shi kuwa yana tafe a ɗaure, bayan jakin da ke ɗauke da ita.